Koyar da Nau'o'in Ingilishin Duniya a Makarantun Sakandare

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya haɗa Hausa da Ingilishi a kwalejin ilimi, kai har ma wanda ya haɗa Hausa da wani darasi daban, yakan wayi gari a gaban allo yana koyar da Ingilishi a makarantar sakandare, saboda ƙarancin malaman wannan darasi. Da zarar ya fara gyaran littattafan yara, sai ya ci karo da wata tambaya da ba kasafai manhaja take amsa ta ba, wato, wane Ingilishi ne daidai? Alal misali, wani yaro ya rubuta "color", wani ya rubuta "go-slow", na uku kuma ya rubuta "she have". Malamin da bai ƙware ba zai bi su duka da jan biro. Alhali kuwa kalmar farko daidai take a ƙa'idar rubutun Amurka, ta biyu sananniya ce a Ingilishin Nijeriya, ta uku ce kaɗai kuskure na haƙiƙa. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda malami zai bambance nau'in harshe da kuskure, da kuma yadda zai koyar da nau'o'in Ingilishi ba tare da ya jefa ɗalibansa cikin ruɗani ko faɗuwa jarrabawa ba.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

a) bayyana dalilan da suka sa Ingilishi ya rarrabu zuwa nau'o'i;
b) kawo siffofin Ingilishin Nijeriya, musamman na Hausawa;
c) bambance nau'i da kuskure ta hanyar amfani da ma'auni;
d) tsara darasi ɗaya a kan wannan batu don aji ɗaya na babbar sakandare.

3.0 Yadda Ingilishi Ya Rarrabu

Duk harshen da ya yi nisa da gidansa, ya kuma daɗe a bakin wasu al'ummu, tilas ne ya sauya kama. Ingilishi ya bar Ingila ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta ƙaura, inda Turawa suka tare a wasu ƙasashe da iyalansu, kamar yadda suka kafa garin Jamestown a Amurka a shekarar 1607, suka kuma sauka Ostareliya a 1788. Hanya ta biyu ita ce ta fatauci da mishan da mulkin mallaka, wadda ta kai harshen Indiya da Singafo da ƙasashen Afirka. A nan Nijeriya, Turawa sun karɓe Legas a 1861, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sannan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909.

A yau masu amfani da Ingilishi a matsayin harshe na biyu ko baƙon harshe sun fi waɗanda suka tashi da shi yawa nesa ba kusa ba. Masanin harshe David Crystal ya ƙiyasta cewa sun ninka su kusan sau uku. Ma'anar wannan ga malami ita ce, yaron da yake koyarwa a Funtuwa ko Azare ya fi yiwuwar yin Ingilishi da ɗan Inugu, ko likita Ba'indiye, ko ɗan kasuwar Sin, a kan ya yi shi da mutumin Landan.

3.1 Da'irori Uku na Kachru

A shekarar 1985 Braj Kachru, wani masani haifaffen Kashmir da ya koyar a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya kasa ƙasashen da ake amfani da Ingilishi zuwa da'irori uku:

i) Da'irar ciki: ƙasashen da Ingilishi yake harshen uwa ga mafi yawan jama'a, kamar Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya.
ii) Da'irar waje: ƙasashen da suka gaji harshen daga mulkin mallaka, yake kuma aiki a gwamnati da kotu da makaranta, kamar Nijeriya da Ghana da Kenya da Indiya da Singafo.
iii) Da'ira mai faɗaɗa: ƙasashen da ake koyon sa a matsayin baƙon harshe, kamar Sin da Japan da Saudiyya da Jamhuriyar Nijar.

Wannan rabo ya jawo muhawara. A 1990 Randolph Quirk, masanin nahawu ɗan Birtaniya, ya nuna cewa maslahar ɗalibi ita ce a koya masa daidaitaccen Ingilishi guda ɗaya, domin shi ne zai buɗe masa ƙofar aiki da karatu. Kachru ya mayar masa da martani a 1991, yana mai cewa al'ummun da'irar waje sun riga sun mallaki harshen, don haka suna da ikon kafa nasu ma'auni. Malamin sakandare yana tsaye ne a tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu, kuma kowannensu yana da abin ɗauka.

3.2 Misalan Bambance-bambance

Ta fuskar rubutu, ƙamus ɗin da Noah Webster ya wallafa a 1828 shi ne ya tabbatar da salon Amurka, inda ake rubuta "color" da "center" a maimakon "colour" da "centre" na Birtaniya. Ta fuskar kalmomi, abin da Ba'ingile yake kira "petrol" da "torch" da "lorry", Ba'amurke yana kiran sa "gas" da "flashlight" da "truck". Kalmomin aro irin su fetur da tocila shaida ce cewa daga bakin Turawan Ingila Hausawa suka fara jin harshen. Hatta rubuta kwanan wata ya bambanta: 4/5/2024 a Birtaniya da Nijeriya yana nufin 4 ga Mayu, amma a Amurka 5 ga Afrilu ke nan. Ɗalibin da bai san haka ba yana iya cika takardar neman gurbin karatu ba daidai ba.

A Indiya ana cewa "prepone" idan an matso da lokacin taro kusa, ana kuma ƙirga kuɗi da "lakh", wato 100,000. A Afirka ta Kudu fitilar ba da hannu a kan titi ita ce "robot". A Singafo kuwa akwai nau'in da ake kira Singlish, wanda ya yi ƙarfi har gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangamin yin ingantaccen Ingilishi a shekarar 2000.

4.0 Ingilishin Nijeriya

Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa Majalisar Tarayya za ta gudanar da harkokinta da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata. Harshen da yake da irin wannan matsayi ba zai rasa ɗaukar launin ƙasar ba. A 1971 Ayo Banjo ya kasa Ingilishin Nijeriya zuwa matakai huɗu. Na farko shi ne na mai ƙarancin ilimi, wanda harshen uwa ya rinjaye shi ƙwarai. Na biyu ginin jimlarsa ya kusanci daidaitacce, amma furucinsa yana wahalar da baƙo. Na uku ginin jimlarsa daidai yake da na Birtaniya, lafazinsa na gida ne, ana kuma fahimtar sa a ciki da wajen ƙasa. Na huɗu kuwa kwaikwayon Bature ne tsantsa, wanda jama'a suke ɗauka a matsayin iyayi. Mataki na uku shi ne ya fi dacewa malami ya sa a gaba.

Dangane da furuci, Munzali Jibril ya nuna a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 cewa Ingilishin Hausawa ya sha bamban da na mutanen Kudu. Misali, sautin da ake rubutawa da "th" a cikin "think" da "that", Bahaushe yakan mayar da shi /s/ da /z/, mutumin Kudu kuwa /t/ da /d/. Haka nan Bahaushe yakan cakuɗa /p/ da /f/, domin a harshensa ƙwayar sauti ɗaya ce, yakan kuma mayar da /v/ ta koma /b/. Bugu da ƙari, tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe su yi cunkoso a farkon kalma ba, shi ya sa "bread" ta koma burodi, "primary" ta koma firamare. Sai dai Bahaushe yana da wata garaɓasa da ba kowa ke da ita ba, wato harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere, don haka raba "ship" da "sheep" ba ya yi masa wuya idan an nuna masa.

Ta fuskar ma'ana, akwai maganganun da al'ada ce ta haife su. Ɗan Nijeriya yakan ce "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe ko da ba shi ya jawo ba, domin sannu yake nufi. Yakan gai da mai aiki da "well done", wato sannu da aiki. Yakan ce "I am coming" alhali fita zai yi, kamar dai yadda Bahaushe yake cewa ina zuwa. Wasu kalmomin kuma sun riga sun shiga manyan ƙamusoshi. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya sanar da shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood".

Ya kamata a lura cewa Ingilishin Nijeriya daban, Buroka daban. Buroka harshe ne mai nasa nahawu, har ma BBC ta buɗe masa sashe na musamman a 2017.

5.0 Nau'i ne ko Kuskure?

Nan ne gizo yake saƙar. Idan aka ce kowane abu nau'i ne, gyara ya ƙare ke nan, yara kuma za su faɗi jarrabawa. Idan kuma aka ce duk abin da ya saɓa wa na Landan kuskure ne, an zalunci yaro, an kuma koya masa raina bakin iyayensa da malamansa. A 1998 Ayo Bamgbose ya kawo ma'aunai biyar da za a iya gwada kowace sabuwar kalma ko magana da su:

a) Mutum nawa ne suke amfani da ita?
b) Yaya faɗin yankin da ta bazu?
c) Su wane ne suke amfani da ita? Akwai marubuta da malamai da 'yan jarida a cikinsu?
d) An shigar da ita cikin ƙamus ko littafin nahawu?
e) Jama'a sun karɓe ta, ko kuwa ƙyamar ta suke yi?

Idan aka ɗora "okada" a kan wannan sikeli, za a ga ta cika ma'aunan duka biyar. Ita kuwa "she have" ba ta cika su ba, domin babu wani mai ilimi a Legas ko Delhi ko Landan da zai rubuta ta a takardar aiki. Akwai kuma na tsaka-tsaki, irin su "furnitures" da "equipments" da "off the light". Waɗannan sun bazu ƙwarai a bakin jama'a, amma ƙamus bai amince da su ba, mai gyaran jarrabawa ma ba zai amince ba. A irin wannan hali wajibi ne malami ya gaya wa ɗalibi gaskiya, cewa ana faɗar su, amma ba a rubuta su.

6.0 Darasi Daga Karin Harshen Hausa

Malamin da ya nazarci Hausa ya riga ya san wannan matsala a gida. Basakkwace yana cewa hwari da biyat da tahi, inda Bakano yake cewa fari da biyar da tafi. A Zazzaganci akan ji an ce yarinya ne, ba tare da bambanta jinsi ba. Babu masanin da zai ce Basakkwace bai iya Hausa ba. Duk da haka, idan aka zo rubutun insha'i, Daidaitacciyar Hausa ake nema daga kowa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, wadda kuma Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aikin daidaita ƙa'idojinta. Ƙwararren malamin Hausa ba ya yi wa yaro dariya don ya ce biyat. Yakan nuna masa cewa wannan karinsa ne, ga kuma yadda ake rubutawa. Wannan hali shi ne ake buƙatar ya ɗauka ya shiga da shi ajin Ingilishi, kuma da wannan kwatance ya fi kyau ya buɗe darasin, tun da koyarwa daga sananne take farawa zuwa ga baƙo.

7.0 Dabarun Koyarwa

Ƙa'idar da za ta yi wa malami jagora ita ce: ɗalibi ya fahimci nau'o'i da yawa, amma ya ƙware a rubuta guda ɗaya.

7.1 Sauraro

A nan ne ya kamata a buɗe ƙofa sosai. Malami yana iya ɗaukar gajerun labarai na minti ɗaya ko biyu a wayarsa daga BBC da wata tashar Amurka da Rediyon Nijeriya da wata tashar Indiya ko Kenya, ya kunna wa ɗalibai, ya yi musu tambayoyi a kan abin da aka faɗa. Manufa ita ce kunne ya saba, ba a ce yara su kwaikwayi kowa ba.

7.2 Furuci

Abin nema shi ne a fahimci mai magana. A littafinta na shekarar 2000, Jennifer Jenkins ta nuna cewa a tsakanin waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sauya sautin "th" ba kasafai yake hana fahimta ba, amma cakuɗa sauran baƙaƙe, da rashin bambanta tsawon wasali, da ƙarfafa kalmar da ba ita ce zuciyar jimla ba, suna hanawa. Don haka lokacin da malami zai kashe a kan "pan" da "fan", ko "vote" da "boat", ya fi amfani a kan wanda zai kashe wajen tilasta wa yaro lanƙwasa harshe irin na Bature. Sai dai kuma sashen furuci na jarrabawar WAEC da NECO an gina shi ne a kan daidaitaccen lafazin Birtaniya. Saboda haka dole ɗalibi ya san waɗannan sautuka da alamominsu, ko da ba da su yake hira ba.

7.3 Rubutu

A nan ƙofa takan ƙuntata. Makarantun Nijeriya sun gaji ƙa'idar rubutun Birtaniya, ita ce kuma ta fi yawa a littattafan karatu, don haka ita malami zai riƙe. Idan yaro ya rubuta "color", a rubuta masa a gefe cewa salon Amurka ne, a kuma gargaɗe shi kada ya gauraya salo biyu a insha'i ɗaya. Yana da kyau a ja hankalin ɗalibai cewa yawancin wayoyi da kwamfutoci suna zuwa ne a saite da salon Amurka, shi ya sa suke ja wa "colour" jan layi.

7.4 Adabi

Littattafan adabi taska ce ta misalai. A cikin Things Fall Apart na 1958, Chinua Achebe ya ɗora karin maganar Ibo a kan daidaitaccen Ingilishi. Ken Saro-Wiwa kuwa da gangan ya rubuta Sozaboy na 1985 da gurɓataccen Ingilishi don ya dace da bakin tauraron labarin. Ɗalibai za su gane cewa marubucin da ya karya ƙa'ida da saninsa daban yake da wanda bai san ta ba.

8.0 Samfurin Darasi

Aji: ɗaya na babbar sakandare. Lokaci: minti 40. Kayan aiki: allo, ƙamus, waya ko rediyo, da katuna masu ɗauke da jimloli.

Mataki na 1 (minti 5): Malami ya tambayi ɗalibai yadda ake faɗar biyar da tafi a garuruwansu, ya rubuta amsoshin a allo, ya tambaye su wanne ake rubutawa a jarrabawa.

Mataki na 2 (minti 10): Ya kunna muryoyi uku daga ƙasashe daban-daban, ɗalibai su faɗi abin da suka fahimta da bambancin da suka ji.

Mataki na 3 (minti 15): Ya raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni katuna goma. Su kasa su gida uku: wanda ya halatta a rubutun jarrabawa, wanda ya halatta a hira kawai, da wanda yake kuskure ne a ko'ina. Idan aka yi gardama, a koma ga ƙamus.

Mataki na 4 (minti 10): Kowane ɗalibi ya rubuta saƙo ɗaya sau biyu, na farko zuwa ga abokinsa, na biyu zuwa ga shugaban makaranta, sannan a karanta wasu a tattauna.

9.0 Matsalolin da Malami Zai Fuskanta

Matsala ta farko ita ce cunkoson aji da rashin wutar lantarki, wanda ke sa darasin sauraro ya yi wuya. Ƙaramar lasifika mai caji tana rage wannan wahala. Ta biyu ita ce fahimtar iyaye da wasu shugabannin makarantu, waɗanda za su iya zaton malami yana halatta gurɓataccen Turanci ne. Maganin wannan shi ne sakamakon rubutun yara ya zama shaida. Ta uku kuma, wadda ta fi kowace haɗari, ita ce malami ya fake da sunan Ingilishin Nijeriya don ya rufe raunin kansa. Wanda bai san daidaitaccen nau'i ba, ba zai iya gane inda aka kauce masa ba, balle ya yanke hukunci. Don haka ƙamus da yawan karatu ba su rabuwa da malamin kirki.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa Ingilishi ya rarrabu ne saboda ƙaura da mulkin mallaka da cuɗanya da wasu harsuna, kuma Ingilishin Nijeriya ɗaya ne daga cikin nau'o'in da masana suka yi nazari a kansu. An kuma ga cewa ba kowane saɓani ne kuskure ba, ba kuma kowane saɓani ne abin karɓa ba. Ɗalibin sakandare yana buƙatar kiredit a Ingilishi kafin ya sami gurbin karatu a jami'a, yana kuma buƙatar ƙarfin halin buɗe baki ya yi magana ba tare da tsoron dariya ba. Aikin malami shi ne ya sama masa duka biyun, ta hanyar faɗaɗa abin da yake saurara, da daidaita abin da yake rubutawa, da kuma koya masa sanin wurin da kowace magana ta dace.

Auna Fahimta

1. Kawo da'irori uku na Kachru tare da misalan ƙasashe biyu-biyu.
2. Bayyana siffofi uku na furucin Ingilishin Hausawa, ka kuma nuna tushen kowace a tsarin sautin Hausa.
3. Yi amfani da ma'aunan Bamgbose ka yanke hukunci a kan "go-slow" da "furnitures".
4. Wace alaƙa ce tsakanin koyar da Daidaitacciyar Hausa da koyar da daidaitaccen Ingilishi?

Jinga

Tattara kalmomi ko jimloli 20 na Ingilishi daga jarida da rediyo da allunan talla na garinku. Kasa su gida uku kamar yadda aka nuna a samfurin darasi, sannan ka kawo hujjar kowane hukunci da ka yanke.